A Fara Auna Rago

Sa'ad da nake ɗan shekara goma ko kusa da haka, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana da wata tunkiya fara mai baƙin zobe a idanu, irin 'yankasan nan da ba su cika girma ba amma suna da jimirin wahala. Da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta saye ta a kasuwar ƙauyenmu, ta ɗaure ta a turke kusa da rumbu, ta shiga yi mata hidima kamar 'yar da ta haifa. Ni ne mai yanko ciyawa da damina, ni ne kuma mai jiƙa dusa da kanwa da rani. A gidan akwai ragon mahaifina, wani ƙosasshe mai murɗaɗɗen ƙaho da geza har ƙirji, wanda in yana takawa sai ka ce hakimi ya fito rangadi. Shekara biyu cur tunkiyar nan tana tare da ragon nan, ko ɓari ba ta yi ba. Ran wata kasuwa sai Inna ta kwance igiyarta ta miƙa mini, ta ce, "Auta, kai ta wurin dillali. Juya ce, dusata kawai take cinyewa."

Na kai ta, aka sayar da ita da araha ga wani maƙeri na unguwar gabas. Ba a yi wata bakwai ba sai ga labari ta haifi tagwaye. Inna ta ce rabon maƙeri ne ya rantse. Mahaifina ya ce haka Allah ya so. Duk gidan ba wanda ya waiwaya ya dubi ragon nan da ke kwance a inuwar rumbu yana tuƙa. Ni ma ban dube shi ba, sai bayan shekara ashirin da 'yan kai, a wata ƙasa mai nisa, a tsakiyar waɗansu tumaki da ba su yi kama da namu ba.

Na yi aure a shekarar 2008, na ɗauko maiɗakina muka taho nan Kudu inda nake koyar da adabi. Shekarar farko ba wanda ya ce komai. A ta biyu aka fara tambaya cikin raha. Daga ta uku kuwa raha ta ƙare. Duk wanda zai zo daga gida sai ya zo da ƙunshi: wannan saiwa ce a jiƙa, wannan rubutu ne a sha kwana bakwai, wannan turare ne a tsuguna a kai. Maƙwabtanmu Yarbawa su ma ba su zuba mana ido ba, suka riƙa kawo nasu jiƙon a kwalba. Asibiti kuwa ta je ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Aka ɗebi jininta, aka yi mata hoton mahaifa, har da wani gwaji mai zafi da ya kwantar da ita kwana biyu. Kowane ƙunshi da sunanta yake zuwa. Aikina ni kuwa in biya kuɗi, in kai ta a mota, in zauna a waje ina karanta jarida. Akwai ranar da wata likita ta leƙo ta ce tana son ganin maigidan shi ma. Na dubi agogo na ce ina da aji ƙarfe goma sha biyu. Allah ya sani ba ni da aji ran nan.

Da muka shiga shekara ta takwas sai Inna ta daina kewaye-kewaye. Ta aiko mini cewa ta ga wata yarinya 'yar gidan mutunci, har an fara gaisawa da iyayenta, abin da ya rage kawai in zo in gan ta. Ban ce na yarda ba, ban kuma ce na ƙi ba. Na ce a bari in dawo daga tafiya.

Tafiyar kuwa ita ce wani taron masu nazarin adabin baka da aka yi a birnin Mompeliye da ke kudancin Faransa, a watan Yuni na 2016. A can ina da wani aboki ɗan Damagaram, likitan dabbobi, wanda muka saba tun zamanin da ya zo wani kwas a Zariya. A lokacin yana koyon aiki a wata cibiya da ake ajiye raguna a lardin Aberon, tafiyar kamar awa biyu daga inda nake. Da aka tashi taro ya zo ya ɗauke ni, yana cewa, "Malam, kai da kake koyar da tatsuniya, zo ka ga abin da in ka ba da labarinsa a gida za a ce gizo da ƙoƙi ne."

Ƙasar da ya kai ni ƙasar duwatsu ce da tuddai, ba ta da wani albarkar noma na a zo a gani, amma tumaki sun mai da ita ta arziki. Tumakin ana kiransu Lakon, sunan wani gari ne na yankin. Ba don nama ake kiwon akasarinsu ba, ba kuma don gashi ba; don nono ake kiwonsu. Wannan shi ne abin da ya fara ɗaure mini kai, domin a wurinmu tunkiya ta suna ce da layya, nono kuwa na saniya ne. Da nonon nan nasu ake yin wani cuku mai ɗigo-ɗigon shuɗi da ake kira Rokfor, wanda ake ajiyewa ya nuna a cikin kogunan wani dutse mai suna Kambalu, inda iska mai sanyi da laima ke ratsowa ta tsagogin dutsen. Tun 1925 doka ta killace sunan cukun nan, ba wanda zai kira nasa Rokfor sai wanda ya bi ƙa'idarsa. Abokina ya ba ni na ɗanɗana. Gaskiya ban ji daɗinsa ba, na ce masa cukun Buzaye na ƙasarsu ya fi mini shi sau goma. Ya yi dariya ya ce shi ma sai da ya shekara kafin harshensa ya yarda.

A hanya ya warware mini dalilin aikinsu. Ya ce yawan nono gado ne, kuma ɗiya tana gadonsa ta wajen uwa da ta wajen uba. To, ita uwa ana iya auna abin da aka tatsa daga hantsarta, amma shi rago ba ya ba da nono, saboda haka ba yadda za ka san irin gadon da yake ɗauke da shi sai ka ga 'ya'yansa mata sun girma an tatse su. Rago ɗaya kuwa in an sake shi a garke, tumakin da zai iya barbara a kaka guda ba su wuce 'yan gomiya ba, kuma duk a gida ɗaya. Shi ya sa tun cikin shekarun 1960 makiyayan yankin suka haɗa kai, suka tara zaɓaɓɓun raguna a cibiyoyi, ana ɗibar maniyyinsu ana rarraba wa garkuna masu yawa, ana rubuta abin da kowace ɗiya ta bayar. Ragon da 'ya'yansa suka yi fice sai a ci gaba da amfani da shi, wanda nasa suka gaza a kai shi mahauta. Wannan aiki shi ne zan kira barbarar hannu, watau mutum ne ke kai iri da hannunsa maimakon rago ya hau. A farkon al'amarin abin da tunkiya ke bayarwa a shekara bai kai lita 100 ba. A garkunan zaɓe yanzu ya haura lita 300. Daga 2015 kuma suka fara duba ƙwayoyin gado a jikin ɗan rago tun yana ƙarami, don a rage jiran shekaru.

Da asuba muka isa cibiyar. Abin da na fara lura da shi shi ne ragunan ba su da ƙaho, ba su da geza, kansu da cikinsu duk babu gashin kirki. A kasuwar ƙauyenmu da jajibirin salla ba wanda zai taya su da daraja. Aka riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi yunƙurin hawan wata tunkiya da aka tsayar, ma'aikaci ya tare abin da ya fito a cikin wani ɗan bututu mai ɗumi. Abin bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Nan da nan a miƙa shi ta taga zuwa wani ɗaki, inda wata mata ke zaune gaban madubin nan na likita mai girmama ƙananan abubuwa. Ta ɗiga ɗigo guda, ta duba, ta ba shi maki tsakanin 0 da 5, ta auna yawansa da kaurinsa, sa'an nan ta rubuta. Wanda ya ci jarrabawa a tsinka shi da wani ruwa da aka haɗa da madara, a ɗura a waɗansu 'yan siraran tsinkaye masu rami. Abin da rago ya bayar sau ɗaya yakan ishi tumaki kamar goma. Wanda bai ci ba kuwa a zubar.

Abokina ya roƙa mini alfarma na sa idona a madubin. Na ga abu yana murɗawa yana toroƙo kamar guguwa a kan fako. Ya ce wannan mai kyau ne. Aka canja wani, na sake dubawa, sai na ga ruwa kwance, ɗai-ɗai ne ke motsi, su ma kamar ba sa so. Na tambaya na wane rago ne. Ya ja ni waje ya nuna mini shi. Wallahi duk garken ba wanda ya kai shi girma da cika ido, yana tsaye yana tuƙa, lafiyarsa lau. Ya ce makonnin baya ya yi zazzaɓi ya warke, amma da yake irin rago yakan ɗauki kusan mako bakwai kafin ya haɗu, sai yanzu ɓarnar zazzaɓin take fitowa. Ya ce zafin rana ma yakan yi haka. Ya dafa bayan ragon ya ce, "Malam, ido ba ya ganin wannan. Shi kansa bai sani ba."

Daga nan aka shiga gaggawa. Tsinkayen nan ana riƙe su ne a sanyin digiri 15, kuma dole a yi amfani da su a ran nan, cikin 'yan awoyi. Na tambaye shi me ya hana a daskarar da su a ajiye, kamar yadda na ji ana yi wa na shanu. Ya ce ai tun 1949 masana a Ingila suka gano yadda za a daskarar da iri bai mutu ba, kuma ga shanu abin ya zauna daram. Amma ita tunkiya bakin mahaifarta a murɗe yake, zobe bayan zobe, waɗanda ba su daidaita da juna ba, saboda haka bututu ba ya iya ratsawa ciki yadda yake ratsa na saniya. Sai dai a ajiye irin a bakin ƙofa, ya ƙarasa tafiyar da ƙarfinsa. Wanda aka daskarar kuwa ya raunana, ba kasafai yake kaiwa ba. Ya ce a 1982 waɗansu masana a Ostireliya sun fito da hanyar huda ciki da siririn madubi a zuba irin a cikin mahaifa kai tsaye, amma wannan ƙaramar tiyata ce, tana da tsada da wahala, ba a yi wa dubban tumaki ita a kowace safiya.

Muka bi wani ma'aikaci zuwa wata gona a kan tudu. A can ma ba a bar komai ga sa'a ba. Tunkiya takan nemi rago ne duk bayan kwana 17, kowace da ranarta, mai ɗauke da tsinkaye kuwa ba zai yi ta zirga-zirga don tunkiya ɗaya ba. Don haka sai a sa wa kowace wani ɗan soso mai magani a gabanta har kwana 14. Ran da aka cire a yi mata allura, sa'an nan a ƙirga awa 55 daidai, lokacin duk garken sun shirya tare. Abokina bai ɓoye mini aibin abin ba. Ya ce maganin allurar nan daga jinin goɗiya mai ciki ake samunsa, kuma mutane da yawa a Turai suna ƙyamar yadda ake wahalar da dawakin a ƙasashen da ake ɗibarsa. Ya ce in an yawaita yi wa tunkiya shi shekara bayan shekara, jikinta yakan fara ƙin sa. Na tsaya ina kallo ana ɗaga ƙafafun bayan kowace tunkiya, a haska fitila, a ajiye iri, a sake ta, a kamo wata. Duk wadda aka yi wa, sai a rubuta lambarta da lambar ragon da sa'ar da aka yi da sunan mai hannun.

Da muka zauna shan shayi na tambaye shi ko duk za su ɗauka. Ya ce a'a, in an yi sa'a biyu cikin uku ne za su haihu bayan wata biyar. Sauran za a sakar musu raguna su bi su in lokacinsu ya kewayo. Na ce to wadda ba ta ɗauka ba fa, juya ke nan? Ya ajiye kofinsa ya dube ni. Ya ce, "Wa ya gaya maka? Sai an koma littafi tukuna. Wane rago ne, sauran da aka ba irinsa ran nan sun ɗauka? Awa nawa irin ya yi a hanya? Hannun wa ne? Sa'an nan a dubi ita tunkiyar, ko ta tsufa, ko ta rame, ko ba ta daɗe da haihuwa ba. Tana da nata kason, ba a ce babu ba. Amma mu nan kullum rago ake fara aunawa. Nasa ɗigo guda ne da minti biyu. Kuma in matsalar ta tunkiya ce, ɗa ɗaya aka rasa. In ta rago ce, garke guda aka rasa."

Bai san halin da nake ciki ba, domin ban taɓa gaya masa ba. Ya ci gaba da zancensa, yana ba ni labarin wani limamin coci ɗan Italiya, Spallanzani, wanda ya fara gwada irin wannan aiki a kan karya a 1780 ta haifi 'yan kwikwiyo uku, da wani Barashe mai suna Ibanof da ya mai da shi sana'ar kiwo a farkon ƙarni na 20. Ni kuwa ba na tare da shi. Ina can ƙauyenmu riƙe da igiyar farar tunkiya, ina kuma zaune a barandar asibiti ina duban agogo. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara takwas ina tsaye a kan nawa, alhali kuwa ni ne mai tsayawa gaban ɗalibai ina yi musu bayanin yadda tatsuniyoyinmu suke ɗora wa mace laifin da ba nata ba.

Mako biyu da dawowata na je wani asibiti a wani gari da ba a san ni ba, don kunya. Aka ba ni 'yar kwalba aka nuna mini ɗaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da sakamako ya fito likita ya ce a sake bayan 'yan makonni don a tabbatar. Aka sake, bai canja ba. Irin nawa kaɗan ne, kuma mafi yawansa ba ya motsi. Ya duba ni ya ce akwai kumburin jijiyoyi a maraina, wanda yakan ɗumama wurin fiye da kima ya ɓata iri, kuma abu ne da ya yawaita ga maza, ana yi masa aiki. Ya ce da na zo tun da wuri da ya fi. Duk gwajin bai kai kuɗin jiƙo guda daga cikin waɗanda na saya wa maiɗakina ba.

Na yi kwana uku da takardar a aljihu. A dare na huɗu bayan sallar lisha na miƙa mata. Ta karanta a hankali, ta ninke, ta mayar mini. Na jira kuka ko faɗa, ko ɗaya bai zo ba. Ta ce, "Malam, ai tun 2012 likitar nan ta gaya mini ba ta ga komai a jikina ba, saura kai. Na gaya maka tana nemanka, ka ce kana da aji." Na ce to me ya sa ta ci gaba da shan jiƙe-jiƙen nan masu ɗaci har shekara huɗu? Ta ce, "In na daina sha, ai kanka za a juyo." Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, na kuma rubuta kundi a kan hikimar magana, amma ban sami abin da zan ce mata ba a daren nan, sai dai na roƙe ta gafara.

Saura Inna. Da babbar salla, a watan Satumba na shekarar, muka je gida. Da daddare na same ta a ɗakinta ita kaɗai, na zauna a bakin tabarma, na yi ta kewaye-kewaye, domin irin wannan magana ba ta da ƙofar shiga tsakanin ɗa da uwa. Daga ƙarshe na ce mata likitoci sun auna mu duka biyu, yarinyar nan lafiyarta lau, abin daga gare ni yake, saboda haka kawo wata ba zai ƙara komai ba sai yawan waɗanda za a zarga. Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "Auta, ka tuna farar tunkiyata da maƙeri ya saya?" Na ce na tuna. Ta ce, "Ashe ragon babanka ne." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Inna ba ta cikin matan da za su buɗe baki su ba suruka haƙuri, kuma ba wanda ya sa ran haka. Amma da safe ta aika aka janye maganar waccan yarinya cikin mutunci. Ran da za mu taho kuma ta kira maiɗakina har turke, ta nuna mata wata 'yar tunkiya budurwa, ta ce ta ba ta halak malak, za ta riƙa kiwata mata tun da mu ba mu da fili a birni. Maiɗakina ta durƙusa ta yi godiya. Su biyun sun fahimci juna.

An yi mini aikin a 2017. Abin ya ɗan gyaru, amma har yau Allah bai kawo haihuwa ba, muna dai riƙon 'yar wana, wadda ta cika mana gida da surutu. Ban rubuta wannan don in ce a mai da mutane tumaki ba. Ragon da ya gaza a Aberon mahauta ake kai shi, kuma ba zan so a riƙa auna darajar ɗan Adam da ma'aunin nan ba, mace ko namiji. Haihuwa kyauta ce, Mai bayarwa ya ba wanda ya so. Abin da na koyo a wurin makiyayan nan ƙarami ne: ba sa yanke hukunci sai sun duba, kuma suna fara dubawa ne daga inda ya fi sauƙi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun daɗe suna faɗin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki. Amma a layin asibitocinmu har gobe mata ne zaune, mazan suna waje da jarida.

Na san yawancin masu karanta wannan mujalla ɗalibanmu ne, samari da ba su yi aure ba tukuna. Wata rana waninku zai kai matarsa asibiti, likita ta leƙo ta ce tana son ganin maigida. Ina roƙonsa ya ninke jaridar ya shiga.

Tunkiyar maiɗakina tana nan a turken Inna, ta tsufa, jikokinta sun cika gidan. Duk shekara daga cikinsu muke layya. Allah ya ba masu nema, ya saka wa matan da suka rufa mana asiri da alheri.